Sawun da Ke Ƙarƙashin Murfin Kula

Ranar Litinin, wajen ƙarfe sha ɗaya na safe, wani ya jefi ƙanwata Zulaiha da dutse a ƙofar cibiyar jarrabawa ta Alhaji Hussaini da ke Gumel. Dutsen ya same ta a idon hagu. Washegari da na iso daga Kano na tarar da shi a gindin katanga, jini ya bushe a jikinsa. Na ɗauka na jefa a aljihu. Ban gaya wa kowa abin da zan yi da shi ba, amma ni na sani.

Ga yadda abin ya faru. Ɗalibai ɗari da ashirin suka zo rubuta jarrabawar shiga makarantar koyon jinya, wadda sau ɗaya tak ake yin ta a shekara. Daga Maigatari, daga Gagarawa, daga ƙauyukan Sule Tankarkar, iyaye suka rako 'ya'yansu tun da sanyin safiya. Zulaiha ce mai kula da babbar kwamfutar da ke rarraba tambayoyi zuwa sauran. Ana cewa a fara, babbar kwamfutar ta kwanta ciwo. Ba ta mutu ba, tana dai jan ƙafa, tambaya ɗaya sai ta ci minti biyar kafin ta buɗe. Lokaci ya ƙare, mai sa ido ya soke jarrabawar, aka gaya wa yara su tari baɗi.

Kafin Zulaiha ta fito har an gama shari'arta a bakin ƙofa. Wai ta yi ƙoƙarin sace tambayoyi ta ba 'yan garinsu Ɗanzomo, shi ne na'urar ta cije. Mutanenmu ba su da wahalar yanke hukunci idan rana ta yi zafi kuma wanda ake zargi mace ce.

A asibiti na same ta, rabin fuskarta a naɗe. Aminina Zaharaddini na zaune a bakin ƙofa, shi ya ɗauko ta a kan babur ɗinsa, har lokacin da jininta a kafaɗar rigarsa. Tare muka koyi gyaran kwamfuta a Kano, ya koma garinsu Gagarawa ya buɗe shago. Kwano ɗaya muke ci tun muna samari. Na riƙe hannunsa na yi masa godiya.

“Yaya Dalhatu,” in ji Zulaiha, muryarta ƙasa ƙasa. “Alhaji ya ce ranar Juma'a masu jarrabawa za su zo su ɗauke na'urar, ni kuma a miƙa ni ga 'yan sanda.”

“Bar wannan. Me likita ya ce?”

“Ya ce sai an kwance.” Ta laluba ƙarƙashin matashi ta miƙo mini makulli. “Na kulle ɗakin kafin in fito. Ban kashe ta ba. Na kifa mata.”

Zaharaddini ya dube ni. “Ta kifa mata me?”

Na damƙe makullin a hannuna. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, shi ne mai bin sawu na Ɗanzomo. In aka sace saniya ko raƙumi, shi ake kira. Abu na farko da yake yi idan ya ga sawu mai kyau, ya kifa masa ƙwarya don kada iska ko ƙafar mutane ta share shi. Muna yara mu ne masu ɗaukar masa ƙoren. Ni na gaji sunan, har a wurin aikina na Kano Mai Sawu ake ce mini. Ashe Zulaiha ce ta gaji hankalin.

“Su wa suka shiga ɗakin kafin ranar?” na tambaye ta.

“Ranar Lahadi mun yi gwaji, komai lafiya. Bayan gwajin baƙi biyu ne suka shigo. Anas mai sola, da Halliru na Maigatari wanda ya kawo wa Alhaji kwamfutocin.”

*

Alhaji Hussaini mutum ne mai ƙiba da saurin tsorata, irin waɗanda ke fara neman wanda za su miƙa kafin a tambaye su. Ya biyo mu har ƙofar ɗakin yana fifita da hula.

Na buɗe. Babbar kwamfutar na kan tebur tana aiki, fitilarta na kiftawa a hankali. A kan maɓallin kashe ta an kifa murfin kular abinci, an liƙe shi da salatif. Murfin kular Zulaiha ne, mai ruwan ganye.

“Ka ga irin shirmen da nake fama da shi,” in ji Alhaji. “Na'urar da ake tsarawa da ilimi an mayar da ita tukunyar miya.”

“Ranka ya daɗe, da mun kashe ta mun sake kunnawa,” in ji Zaharaddini. “Sau tari da haka suke warkewa. In ta warke ai an rage wa yarinyar nan laifi.”

“Wanda ya taɓa murfin nan zan karya masa hannu,” na ce.

Na zauna na fara duba. An share tarihin duk umarnin da aka ba na'urar, an share littafin da take rubuta abin da ya faru da ita. Tas. Wannan sharar ita ta fara ba ni labari, don na'urar da ta lalace da kanta ba ta ɗaukar tsintsiya. Na duba faifan ajiya, lafiya. Na duba zafi, ba zafi. Ta nuna mini gudunta daidai, amma ko ƙaramin lissafi na ba ta sai ta yi nishi. Sai na tuna da wata ƙofa.

A cikin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfuta, akwai wasu ƙananan ma'ajiyai da ake kira rajista, kowace da lambarta. A nan take ajiye yadda za ta yi gudu da yadda za ta yi idan ta ji zafi. Kowane samfurin furosesa da irin nasa, abin da ya dace da wannan ba lallai ya dace da wancan ba. Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya yi musu ƙofa guda, fayil ne mai suna /dev/cpu/0/msr, kuma mai cikakken iko a kan na'ura ne kaɗai ke iya leƙawa ko ya yi rubutu a ciki. Abin da aka rubuta a nan ba ya sauka kan faifai. Yana nan muddin da wuta, ana kashe na'ura ya shafe kamar ba a yi ba.

A wannan na'ura ƙofar ba ta buɗuwa sai an sa hannu an buɗe ta, kuma Zulaiha ba ta da aiki da ita. Na same ta a buɗe.

Na karanta rajista mai lamba 19A.  An ɗaure wa furosesar ƙafa, cikin taku takwas ɗaya kawai take yi. Idan mutum biyu ko uku ne ke aiki ba za a lura ba. Ɗalibai ɗari da ashirin kuwa ba za ta iya ɗaukarsu ba.

“Alhaji, ba lalacewa ta yi ba. Dabaibayi aka sa mata.”

“To ai ita Zulaihar ce mai makulli,” in ji shi nan take.

 Alhaji ya sayi babbar kwamfuta guda biyu iri ɗaya, ɗaya na ajiye a kwali don ko-ta-kwana. Na fiddo ta na kunna, na dinga karanta rajistocin biyun ɗaya bayan ɗaya ina gwadawa. A 1FC suka bambanta. Wannan rajistar ita ce kunnen furosesa, ta nan take jin koken caja ko batir ta rage gudu. A mara lafiyar an rubuta 4005C. Tagwaiyarta tana ɗauke da wata lamba daban mai tsawo. Lambar nan ba ta wannan samfurin ba ce ma sam, ta wata ƙaramar laftof ce tsohuwa, kuma ba ta da haɗi da dabaibayin. Ba gaira ba dalili aka rubuta ta.

Babanmu yakan ce bai damu da inda ɓarawo ya yi dabara ba, inda ya yi abin da ya saba yake nema. Na rubuta lambar a tafin hannuna, na kulle ɗakin, na sa makullin a aljihun da dutsen yake.

*

Laraba Zaharaddini ya goya ni zuwa Sule Tankarkar. Anas na fi zargi, kuma ban ɓoye ba. Kowa ya san sun taɓa yin cacar baki da Zulaiha, ta ce wa Alhaji wayoyin da ya ja kamar igiyar shanya suke. Muka same shi a kan rufin wani kemis yana ɗaura farantin sola. Ban bari ƙafarsa ta gama sauka daga tsani ba na shaƙe masa wuyan riga.

“Me ka yi a ɗakin ranar Lahadi?”

“Sake ni, malam. Batir na duba.”

“Ka taɓa kwamfutar?”

Ya yi wata dariya mai ɗaci. “Ni? Wayar hannuna ma matata ce ke sa mini lambobi. Ƙanwarka ta ci mutuncina, gaskiya ne, kuma na ji haushi. Amma 'yar yayana tana cikin yaran da suka yi asarar shekara. Tun Litinin ba ta ci abinci ba. In na san wanda ya yi, kafin ka isa gare shi na riga ka.”

Na ciro laftof ɗina na buɗe masa baƙin allon da ake rubuta umarni, na ce ya rubuta sunansa. Da yatsa ɗaya ya dinga farautar haruffa, ya fi minti guda yana neman N. Ko da wasan kwaikwayo ne, ya cancanci a sallame shi.

“Ni da Halliru tare muka fito,” in ji shi yana gyara riga. “Ita kuma ta tafi sallar La'asar. Tambayi abokinka mana, ai shi muka bari a ciki yana shan sanyin na'ura.”

Zaharaddini ya yi dariya daga kan babur. “Ni da nake ɗan gida? Gadin ɗakin ta bar mini, kada irinku su dawo.”

Ni ma na yi murmushi, na wuce maganar. Ina faɗar wannan ne don kada wani ya ɗauka ni gwani ne. An ajiye mini sawu a gabana da rana tsaka, na tsallake shi saboda na san ƙafar.

A hanyar dawowa ya tsaya ya saya mini rake. Ya ce batiran cibiyar sun tsufa, yana tsoron kada na'urar ta ƙone a zafin nan in ba a ba ta hutu ba. Ya ce gobe ba zai samu raka ni Maigatari ba, aiki ya taru masa a shago. Na yi masa godiya. Har addu'a na yi masa.

*

Alhamis ce ranar kasuwar Maigatari. Na ratsa ta gefen kara, inda shanu da raƙuma suka cika fili, na isa layin masu kayan wuta. Halliru ɗan siriri ne mai haƙorin Makka, rabin danginsa na tsallaken iyaka, ta can yake shigo da tsofaffin laftof. Ya tarbe ni da fara'a, ya yi mini jaje, ya aika a kawo lemo. Na ce ina son laftof.

“Zaɓi duk wadda ta yi maka a butik ɗin nan. Ga waɗannan da Linux a kansu, 'yan makaranta na son su.”

Na ɗauki ɗaya na kunna. Na buɗe ƙofar nan, na karanta 1FC. Ta ce 4005C. Na ɗauki ta biyu, wadda ba kamfaninsu ɗaya ba ma. Ita ma 4005C. Ta uku haka.

Ban san lokacin da na tsallaka teburin ba. Na danne shi a jikin kanta, hannuna ɗaya a wuyansa, ɗayan ya riga ya shiga aljihu ya damƙi dutsen. Mutane suka fara taruwa. Na buɗe masa tafin hannuna a fuska.

“Ka san wannan lambar?”

“Wallahi ban san ta ba. Lambar wayar wa ce?”

“Tana cikin kayanka duka. Tana kuma cikin na'urar da aka fasa wa ƙanwata ido a kanta.”

“Dakata, don girman Allah, in yi numfashi.” Na sassauta. Ya yi tari, ya share hawaye. “Ni saye da sayarwa na sani. Kayan nan ba sa zuwa da cajarsu ta asali, sai in haɗa su da ta kasuwa. Da sun ji baƙuwar caja sai su ƙi gudu, su yi ta rarrafe. Akwai mai yi mini maganin abin. Yana da wani filashi, ya soka, ya danna sau ɗaya, shi ke nan ta warke, kuma duk sanda aka kunna ta maganin na nan. Shekara huɗu ke nan duk kayana ta hannunsa suke bi.”

“Waye?”

Ya dube ni da mamaki. “Mutuminka mana. Zaharaddini na Gagarawa.”

Na sake shi na zauna a kan wani kwali. Kukan shanu da hayaniyar dillalai duk suka yi mini nisa.

Ni na nuna wa Zaharaddini wannan ƙofa. Shekara tara da suka wuce, a ɗakinmu na haya a Kano, a kan wata tsohuwar laftof tasa da ta ƙi jinin caja. Na koya masa yadda ake toshe mata kunne. Na ce masa kullum ya fara karanta abin da ke cikin rajistar, ya sauya ɗigo ɗaya kawai ya bar saura, don kowane samfuri da nasa. Ya ce to. Amma Zaharaddini tun can ba ya son doguwar hanya. Ya kwafe lambar da ta yi masa aiki a ranar, ya zuba ta a filashi, ya dinga ɗura wa kowace na'ura ita. A laftof ɗin Halliru yakan bar umarnin a faifai don ya maimaita kansa duk sanda aka kunna, amma a cibiya bai bar komai a faifai ba. Ranar Lahadi da ya tashi yin mugunta, bai rubuta sabon umarni ba. Tsohon ya buɗe ya ƙara layi ɗaya a ƙasa, layin sama ya yi aikinsa na kullum.

Sai wani abu ya faɗo mini. Makullin ɗaki na hannuna, amma ɗakin batir a waje yake, sakata ce kawai a jikinsa. Duk wanda ya cire batir, na'urar ta mutu, sawun ya shafe. Kuma ya ce yau yana da aiki.

Na kira Anas, mutumin da na shaƙe jiya. Ban tsaya dogon ban haƙuri ba.

“Kana ina?”

“Gumel, na zo sayen waya. Wata shaƙar ce ta rage?”

“Je ka cibiya yanzu ka tsaya a ƙofar ɗakin batir. Kada kowa ya shiga, ko Alhaji ne.”

Bayan minti ashirin ya kira ni. “Na iske abokinka a wurin, hannunsa a kan sakata. Ya ce duba maka ya zo yi. Na ce ya bari, aikina ne. Na shimfiɗa tabarma a ƙofar, nan zan zauna har ka ce in tashi.” Sai ya sauke murya. “Shi ne ko?”

“Kada ka taɓa shi,” na ce. “Nawa ne.”

*

Juma'a da hantsi muka taru a babban ɗakin jarrabawa. Alhaji Hussaini, da jami'in masu jarrabawa da ya zo ɗaukar na'ura, da ɗan sanda guda, da Anas, da Halliru ɗauke da laftof uku. Na sa aka shigo da iyaye goma da wasu daga cikin ɗaliban, sauran suka cika bakin ƙofa. Zaharaddini ya zo da jakarsa a kafaɗa, don na ce masa ina buƙatar taimakonsa wajen kwance wayoyi. Ƙanwarsa Khairiyya na cikin ɗaliban, tana zaune a layin gaba. Karo na uku ke nan tana neman makarantar nan.

Zulaiha ce ta shigo ƙarshe, rabin fuskarta a naɗe. Da safen nan likita ya kwance ya duba ya mayar. Ban tambaye ta ba, na gani a tafiyarta cewa idon ya tafi.

Na haɗa babbar kwamfutar da allon bango yadda kowa zai gani. Na yi bayani da Hausar da kakata za ta gane. Na nuna musu dabaibayin. Na nuna musu baƙuwar lambar, na nuna cewa tagwaiyar na'urar ba ta da ita. Jami'in ya ɗauki hoton allon. Sannan na kunna laftof ɗin Halliru ɗaya bayan ɗaya, lambar nan ta fito sau uku. Wani dattijo ya miƙe yana nuna Halliru da sanda.

“Zauna, Baba,” na ce. “Kun yi saurin nan ranar Litinin, ga sakamakonsa a zaune a gabanku.” Ya zauna. Na juya. “Zaharaddini, ara mini filashinka.”

“Na baro shi a shago.”

“Ba ka taɓa baro shi ba. Yana jikin makullin babur ɗinka.”

Ya dube ni, na dube shi. Na ga ya auna ƙofa, ya ga mutane. Sai ya yi tsalle ya nufi ƙaramin ɗakin babbar kwamfutar, wanda na bari a buɗe da gangan. Hannunsa ya kai kan murfin kular, ya fizga, salatif ɗin ya riƙe. Zulaiha ta yi masa naɗi ya fi goma. Kafin ya sake fizga Anas ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi sama kamar buhun riɗi.

Ɗan sandan ya ciro filashin ya miƙo mini. Na soka a laftof ɗina na buɗe. Layi biyu ne a ciki. Na sama na ɗauke da 4005C, na ƙasa na ɗauke da 19A.

“Minti biyar kawai na yi niyya,” in ji Zaharaddini. Muryarsa ta koma ta yaro. “Na san Alhaji zai kira ni. In zo in gyara a gaban kowa, ya ga wanda ya kamata ya ɗauka tun farko. Shekara nawa ina wannan sana'a, aka tsallake ni aka ba wadda a gabana ta koyi kunna kwamfuta. Na zo, wallahi na zo da gudu. Mai sa ido ya ce doka ta hana kowa shiga in ba mai rajista ba. Na roƙe shi. Dalhatu, ƙanwata na ciki, ka san ba zan...”

“Ka tsaya a bakin ƙofa ana zagin ta,” na ce. “Ka san gaskiya, bakinka bai buɗe ba. Sannan ka ɗauke ta a babur, ka bar jinin a rigarka kwana biyu don in gani.”

Khairiyya ba ta yi kuka ba. Ta tashi ta ja mayafinta ta fita, mutane suka dare mata hanya.

Labari ya riga ya kai bakin ƙofa, na ji hayaniyar na tashi. Dutsen na hannuna, ban san sanda na fiddo shi ba. Tsakanina da fuskarsa taku biyu ne, Anas na riƙe da shi, kuma na tabbata ba zai sake shi ba. Na zaɓi idon ma, na hagu. Babanmu bai taɓa shiga gidan ɓarawo ba, yakan kai sawu ƙofa ya nuna ya juya. Amma shi shanu aka sace wa mutane, ba idon 'yarsa ba.

“Yaya,” in ji Zulaiha. “Ba ni.”

“Zulaiha, matsa.”

“A fuskata ya sauka. Nawa ne.”

Na ba ta. Ta sa Anas ya zaunar da shi a kujerarta, gaban babbar kwamfutar. Ta ce a kunna duk ƙananan kwamfutocin ɗakin, ɗari da ashirin, aka kunna, suka tsaya cak suna jiran tambayar da ba ta zuwa. Ta tambayi jami'in ko ya gama ɗaukar shaidarsa, ya ce ya gama.

“To gyara,” ta ce wa Zaharaddini. “Ai abin da ka so ke nan. Ga Alhaji, ga mutane. Gyara su gani.”

Ya rubuta layi ɗaya, ya mayar da 19A sifili, ya danna. Fankar na'urar ta ɗauka. Kafin mutum ya kifta ido alluna ɗari da ashirin suka haska lokaci guda, kowanne da tambaya ta farko. Wata mata a baya ta fashe da kuka. Ko daƙiƙa goma abin bai ɗauka ba.

Alhaji Hussaini ya yi gyaran murya. Irin wurin nan ya fi ƙwarewa. Ya ce alhamdu lillahi gaskiya ta fito, shi dama zuciyarsa ba ta taɓa yarda ba. Ya ce sharrin shaiɗan ne, duk 'yan uwan juna ne, hukuma za ta yi aikinta, amma tsakaninmu a yi haƙuri a yafi juna, ga shi ranar Juma'a. Dattawan suka ce haka ne, haka ne. Duk suka juya ga Zulaiha suna jiran kalmar da aka saba.

Ta sa hannu ta kwance naɗin a hankali. Waɗanda ke kusa suka kawar da kai. Ba ta bar Zaharaddini ya kawar da nasa ba, ta tsaya a gabansa har ya ɗago. Sannan ta buɗe tafin hannunsa ta ɗora masa dutsen, ta naɗe yatsunsa a kai.

“Ban yafe ba,” ta ce. Ta juya ga iyayen. “Wanda ya jefa ma yana jina, ko a nan ko a waje. Shi ma ban yafe ba.”

 Ɗan sandan ya fita da Zaharaddini ta ƙofar baya, har lokacin hannunsa a dunƙule, ya rasa inda zai ajiye abin. Ni dai raina bai yi sanyi ba, kuma har yau bai yi ba. Amma na san da na jefa, da yanzu labarina ake yi a Gumel, an manta da nasa.

Jami'in ya ce zai rubuta a sake wa yaran jarrabawa, bai yi alkawarin za a yarda ba. Alhaji ya ce wa Zulaiha kujerarta na nan duk ranar da ta warke.  Ta shiga ƙaramin ɗakin, ta tsuguna tana ɓare salatif ɗin da farce. Sau biyu hannunta na wuce wurin, don ba ta saba auna nisa da ido ɗaya ba. Na matsa zan taya ta, ta ce in bari. Da ta gama ta ɗauki murfin kularta, ta goge shi da gefen mayafi, ta ce in kai ta gida.